Damuwar da Na Jingina wa Yaya Dije

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da watannin da suka gabaci yayen ɗana na fari ba. Tun ranar suna Inna, mahaifiyar maigidana, ta ɗaga shi sama a gaban mata ta ce, "Wanga mijina ne. Ranar da ya bar nono, Kende zai koma wurina." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don mai jego ba ta da ta cewa. Amma maganar ta shige cikina ta yi zamanta. Mu muna Bagudo, Inna tana Kende, kuma na san ba wasa take yi ba, domin shi kansa maigidan a hannun kakarsa ya tashi.

Kun dai san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗauke shi. A garinmu Geza, inda muke cuɗe da Fulani, kunyar ta ma fi haka nauyi. (Ko yanzu hannuna ya ƙi rubuta sunansa, sai ku yi haƙuri da "yaron".) To wadda ba ta iya kiran sunan ɗa, ta yaya za ta buɗe baki ta ce ba ta so a ɗauke shi?

Sai abin ya koma ciki. Tuwo ya daina wuce mini. Idan yaron yana barcin rana sai in ajiye wanki in je in sa yatsa a hancinsa, in ji ko yana numfashi, in dawo, in sake komawa. Duk haƙorin da ya fito masa, maimakon murna sai gabana ya faɗi, don na san yaye ne yake matsowa. Da na ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ce shi ke nan, Inna ce ta zo.

Wata ranar awo a ƙaramin asibitinmu, malamar da ke ɗora yara a sikeli ta ce yaron lafiyarsa lau. Sai ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke ce ya kamata in ɗora a sikelin nan. Je ki ɗakin can na ƙarshen baranda, ki ga Malama Saratu." Ɗakin nan mata suna ce masa ɗakin magana, kuma a layin awo na sha jin ana raɗa cewa waɗanda kansu ya ɗan taɓu ake turawa can. Na ce a raina, idan Inna ta ji an kai ni ɗakin masu taɓin hankali, ai ba ma za ta jira yaye ba.

Na shiga ina neman allura da kwalaben magani da ido, ban ga ko ɗaya ba. Tabarma ce, da kujeru, da 'yar randa a kusurwa da kofi a kanta. Malama Saratu mace ce da ta manyanta, da tabarau, ba ta sa farar riga ba, atamfa ce a jikinta kamar za ta je barka. Ta bar kujerarta ta zauna a tabarma tare da ni. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi hanya, sannan ta ce, "Ni aikina sauraro ne. Ba na ba da magani, ba na yanke wa mutum hukunci, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake zama. Me ke tafe da ke?"

Na buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya, wallahi. Abin da ya fito shi ne, "Ai Malama, ba ni ba ce. Wata ce a gidanmu."

"To, Allah ya kawo mata sauƙi. Me ke damunta?"

Ku lura, ba ta tambaye ni suna ba. Ni da kaina na ga kamar labari ba ya tsayuwa babu suna, sai na ce, "Faccalata ce, Yaya Dije."

Bari in gaya muku wace ce Yaya Dije, don ku san girman wautata. Matar yayan maigidana ce, gida ɗaya muke. Mace ce mai jiki, sana'arta bandar kifi, tana kai shi kasuwannin bakin iyaka har cikin Benin. Tana ciniki da Hausa da Dendi da Fulatanci, har da ɗan Faransancin da ta tsinta a hanya. Idan ta yi dariya a tsakar gida, kajin maƙwabta watsewa suke yi. Idan ta kwanta barcin rana, ko daka ake yi a kusa da kanta ba ta motsi. Babban ɗanta ma ya isa aure, kabu-kabu yake yi da babur. A duk Bagudo, in ana neman macen da damuwa ba ta san ƙofar ɗakinta ba, ita ce. Ita na zaɓa.

Ban tsaya nan ba. Na nuna yaron da ke bayana na ce, "Wanga ma nata ne, ɗanta na fari. Goyo nake taya ta."

Malama ta dubi yaron, ta dube ni (hancinmu ɗaya da shi, kamar an tsaga kara), ta ce, "Allah ya raya shi." Ko gira ba ta ɗaga ba.

Daga nan bakina ya buɗe. Ashe in dai da sunan wata ne, babu abin da ba zan iya faɗa ba. Na ce Yaya Dije ba ta cin abinci. Yaya Dije tana sa yatsa a hancin yaro. Yaya Dije tana ɓoyewa a ɗaki ta shinshina rigarsa. Yaya Dije tana tsoron ranar da surukarta za ta tafi da shi Kende, ya manta da ita, ya riƙa kallonta kamar baƙuwa. Duk lokacin da na yi shiru, Malama ba ta cike shirun. Sai ta jira, ta jira, har in ji kamar in tsere, sannan ta ce a hankali, "Sai kuma me?" Sai wata maganar ta fito wadda ni kaina ban san tana cikina ba.

Na zaci za ta ce a gaya mata ta yi haƙuri, kamar yadda kowa yake cewa. Ko kuma, tunda 'yar boko ce, ta ce al'adarmu jahilci ce, a je a yi faɗa da suruka. Ba ta ce ko ɗaya ba. Cewa ta yi, "Ki gaya mata ba hauka ba ce. Damuwar nan gadi take yi, kuma mutum ba ya gadin abin da ba ya so. Matsalar kawai mai gadin ya ƙi hutawa. Ni ba na ɗauke wa mutum kayansa, sai dai in taya shi saukewa mu ga abin da ke ciki." Ta ce in koya wa Yaya Dije abu biyu. Idan zuciyarta ta fara bugawa, ta zauna, ta ja numfashi a hankali, ta ce wa kanta, "Ga tsoron nan ya zo, amma yau yaro yana nan." Sannan ta yi tunanin mutum guda a gida wanda za ta iya gaya wa. "Ba sai ta gaya masa yanzu ba. Ta dai yi tunaninsa. Ƙaramin takun da mutum ya yi da ƙafarsa ya fi babban da aka ja shi ya yi."

Na koma gida na yi ta yi wa Yaya Dije numfashinta. A bakin murhu, a bakin rijiya, a wurin shanya. Kuma abin mamaki, ya yi aiki. Har na cinye tuwo wata rana na nemi ƙari.

Da na koma wurin Malama, na kai rahoto da fara'a. "Ta ce in yi miki godiya. Ta ce abin ya ɗan yi sauƙi."

"Madalla. Ki ce mata na yaba mata ƙwarai. Ba kowace mace ce take iya duban tsoronta ido da ido ba. Jaruma ce."

Jama'a, kun san me na ji? Haushi. Ni na yi numfashin, ni na sha wahala, amma Yaya Dije ake kira jaruma! Na dawo gida na tarar da ita zaune a kan turmi tana cin rake, tana waƙa, ba ta san ta zama jaruma ba. Na wuce ta da gaisuwa a daƙile. Ta ce, "Ke, lahiya? Wa ya taɓa mini ƙanwa?" Na ce babu komai, rana ce ta dake ni.

Sai ranar da asirina ya tonu. Ranar rigakafi ce, Yaya Dije ta ce za ta kai autarta, mu tafi tare. Na so in ce ba ni da lafiya, sai na tuna wanda ba shi da lafiya ai asibiti yake zuwa. Muka hau kabu-kabu ɗaya, kowacce da goyonta, ni a tsakiya a matse kamar kifin da ke cikin kwandonta. Da muka isa layi ya yi tsawo, ita kuma ta samu ƙawayenta na kasuwa suka ɓarke da hira. Na ce mata zan zaga ban ɗaki. Na sulale zuwa ɗakin magana.

Ana zafi ranar, Malama ta bar ƙofa a buɗe ta saki labule kawai. Ta tambaye ni ko Yaya Dije ta samu mutumin da za ta iya gaya wa. Na ce ba ta samu ba. Na ce Inna ta aiko cewa bayan an gama yankan shinkafa za ta zo ɗaukar yaro. Ina faɗin haka hawaye suka ɓalle mini. Yaron ya ji kukana shi ma ya fara, yana jan hijabina. Ban yi wani tunani ba, na kwanto shi, na juyo da shi, na ba shi nono, ina ci gaba da cewa, "Ni dai Malama tausayi take ba ni, ai ɗanta ne."

(Ku tsaya ku kalli hoton nan da kyau. Ɗan Yaya Dije, a cinyata, yana shan nonona.)

Malama ta miƙo mini kofin ruwa. Ina cikin sha aka yaye labule.

"Au, nan ne ban ɗakin? Tun ɗazu nake nemanki, an kusa zuwa kanmu!"

Yaya Dije ce, ta cika ƙofa. Mai hankali a nan zai tashi ya ce Malama sai an jima, ya fita. Ni kuwa sai na ga ai dole in kare labarina. Na ce, "Malama, ga ta nan. Ita ce."

"Ni ce mi?"

Na fara ƙifta mata ido. "Yaya, ai na gaya wa Malama ba kya samun barci."

"Ni? Ni da sai an yayyafa mini ruwa nake tashi?"

Na ƙara ƙifta ido da ƙarfi. "Kuma ba kya cin abinci."

Ta dubi jikinta, ta dubi Malama, ta daki cinyarta. "Malama, don Allah dube ni. Wanga jiki da iska aka gina shi? Ke, mi ya shiga idonki kike ta ƙyafta shi haka?"

Da na yi shiru a nan, da sauƙi. Amma na riga na gangara. Murya ƙasa-ƙasa na ce, "Saboda ɗanki na fari da za a yaye."

"Ɗana na fari? Wanda ya tafi bakin iyaka da fasinja tun da safe? Shi za a yaye? Da gemunsa?" Sai idonta ya sauka a cinyata. Ta riƙe haɓa. "To shi kuma wanga da ke maƙale a ƙirjinki, shi ma nawa ne? Yaushe na haife shi ban sani ba?"

Na gaya muku muryar Yaya Dije ta kasuwa ce. Layin rigakafi gaba ɗaya ya ji. Dariya ta tashi a baranda, wata tsohuwa tana cewa, "A ba Dije ɗanta mana!" Wata har da guɗa. Na ja hijabi na rufe fuskata da yaron gaba ɗaya, na roƙi Allah ya tsaga simintin nan in shige. Simintin bai tsage ba. Yaron kuwa ko a jikinsa, shan nononsa kawai yake yi har da lumshe ido.

Malama ta tashi ta leƙa waje ta ce, "Bayin Allah, a koma layi," ta rufe ƙofa. Ta dawo ta durƙusa kusa da ni. Ba Yaya Dije ta tambaya ba, ni ta tambaya. "Kina so yayarki ta zauna, ko ta jira ki a waje? Ɗakin naki ne." Daga cikin hijabi na ce ta zauna. Me ya rage da zan ɓoye?

Na ce, "Malama, kin sani?"

"Tun ranar farko."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kowa da ƙofar da yake iya shigowa ta nan. Ke ta sunan yayarki kika iya. Da na rufe miki ita, da ba ki dawo ba. Kuma duk yabon da na aika, ai na san hannun da yake shiga."

Yaya Dije ta zauna a tabarma da ƙyar, tana ta share hawayen dariya. Malama ba ta gaya mata komai ba, ni ta bari in faɗa. Na faɗa, kaina a ƙasa, a karon farko da "ni" maimakon "ita". Na ce ni ce ba na so a tafi da shi. Da na gama na jira Yaya Dije ta ce ba ni da kunya, ina nuna son ɗan fari a fili.

Sai ta daina dariya, ta matso kusa da ni. Can ta ce, "Ke yarinya ce. Kin san lokacin da Inna ta ɗauke mini nawa? Bayan murhun banda nake zuwa in zauna in yi kukana. Kowa ya tambaya sai in ce hayaƙi ne. Har aka fara cewa kifin Dije ya fi na kowa shan hayaƙi." Ta ja hancina. "Da kin gaya mini, da ba ki sa an yaye mini ƙato mai gemu a gaban jama'a ba."

Malama ta tambaye ni, "Me kike so ya faru? Ba abin da ya kamata ba, abin da kike so." Na yi tunani sosai. Na ce ba na so in hana Inna jikanta, tana sonsa, kuma kunyar nan tawa ce, ba na so in yar da ita. Ina so dai in san zai dawo, kuma in riƙa ganinsa. Ta ce, "To a gidanku, idan ƙarama tana da magana da babba, yaya ake yi?" Na ce a kan samu wata ta isar. Ni da kaina na juya na dubi Yaya Dije.

"Au, yanzu kuma aike na zama? To, gara wannan da a ce ba na cin abinci."

Ta je Kende da kifi mai kyau a kwando. Abin da suka tattauna da Inna ban sani ba duka. Na dai san da aka gama yankan shinkafa Inna ta zo da kanta, ta ɗauki yaron, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Mijin nan nawa cin tuwo gare shi, ba zan iya da shi ba har abada. In ya manta da nono zan maido muku abinku. Kuma duk ranar kasuwa a riƙa kawo mini kifi, Dije ta yi nauyi a babur, a aiko ƙaramar." Na durƙusa na ce to, Inna. Ban ɗaga kai ba, don kada ta ga bakina ya ƙi rufuwa.

Ranar da suka tafi na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ba a bayan murhun banda ba. A ɗakin Yaya Dije na yi shi, tana ɓare mini gyaɗa tana tsokanata. Yaron ya yi 'yan watanninsa a Kende ya dawo da ƙiba da rashin ji. Ni kuma har yau ba a daina ba. In na shiga layin awo sai wata ta ce, "Sannu da zuwa, ya jikin Dije?" Tun ina rufe fuska har na koyi cewa, "Da sauƙi, ta fara cin abinci."

Abin da na koya dai shi ne, idan har sai kin ari sunan wata kafin ki iya faɗin ciwonki, to kada ki ari na wadda kuka hau babur ɗaya da ita.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Idan wata ta zo muku tana murza bakin hijabi ta ce, "Ba ni ba ce, wata ce a gidanmu," don Allah kada ku ce kun gane. Ku ba ta wurin zama, ku tambaye ta me ke damun watan.